Wane Inji Ya Dace a Sauya wa Hilux Mai 2.7: V6, V8, ko Mai Sufacaja?

Duk wanda ya riƙe Hilux ƙirar 2005 zuwa 2015 mai injin fetur na lita 2.7 ya san halinta. Ba ta cika ba da matsala ba, kayan gyaranta suna ko'ina, amma da zarar an loda mata buhunan taki ko na siminti, aka kuma kunna iyakwandishan, sai nauyin jikinta ya bayyana. A Hawan Kibo, kan hanyar Akwanga zuwa Jos, direba yakan sauko da giya zuwa ta biyu yana taka totur har ƙasa, kuma wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya yakan buƙaci dogon lissafi da dogon fili. Daga nan tunanin sauya inji yake farawa. Yanzu da bidiyoyin a-kori-kura na Amurka masu injin V8 mai silinda takwas da sufacaja suka cika wayoyi, masu mota da yawa suna tambaya ko za a iya yi wa tasu irin wannan aikin. Ana iyawa, kuma hanyoyin sun kai biyar, sai dai ba su yi kusa da juna ba a kuɗi, a ƙarko, ko a irin haɗarin da ke tattare da su.

Abin da sufacaja take yi

Inji yana samun ƙarfi gwargwadon iskar da ya shaƙa da man da ya ƙona da ita. Sufacaja famfon iska ce da ake ɗorawa a kan inji, bel daga karanshaf yake juya ta, ita kuma ta cusa wa silinda iskar da ta fi wadda fistin zai iya zuƙa da kansa. Saboda bel ne yake tuƙa ta, ƙarfinta yana zuwa nan take tun daga ƙananan juyi, ba ta jiran hayaƙi ya taru kamar yadda turbo take yi, kuma wannan ne ya sa ta dace da motar ɗaukar kaya. Tana da illa guda biyu da ba sa rabuwa da ita. Tana cin wani ɓangare na ƙarfin injin domin ta juya kanta, sannan iskar da aka matse tana ɗaukar zafi, iska mai zafi kuma takan sa fetur ya kama da kansa kafin lokacin da ya dace. Wannan kamawar ita ce ƙarar da ake ji kamar ana kaɗa ƙananan ƙusoshi a cikin gwangwani idan an taka mota a kan hawa, kuma idan ta daɗe tana faruwa takan fasa gefen fistin, ta karya ringi, ta ƙona gaskit.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko shi ne aikin da motar take yi. Mai jan tirela ƙarama ko mai ɗaukar kaya yana buƙatar ƙarfin juyi, wanda ake aunawa da Nm, kuma yana buƙatarsa a ƙananan juyi, wajen 2,000 zuwa 3,500 a minti. Ƙarfin doki, wanda ake yawan faɗa da baki, yana bayyana ne can sama da juyi 5,000, inda motar kaya ba ta cika zuwa ba.

Na biyu shi ne kuɗin aikin gaba ɗaya. Farashin injin kansa sau da yawa shi ne ƙaramin ɓangare, domin bayansa akwai giyabos, wayoyi, kwamfutar inji wadda makanikai ke kira burenbos, lagireto, salansa, farfela, birki da ladan masu aiki. Tun bayan da aka saki farashin naira a 2023, kuɗin kayan da ake shigowa da su ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka kwatancen da zai yi amfani shi ne na wanne ya fi wanne da kuma ninki nawa.

Na uku shi ne man fetur, kuma a ganina shi ne ma'aunin da ya fi yanke hukunci a nan. Kamfanonin da ke ƙera sufacaja ta irin waɗannan injina suna sharɗanta mai mai ƙarfin oktan (juriyar mai ga kamawa da kansa) 91 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a Turai da Afirka. A mafi yawan gidajen man Najeriya da Nijar kuwa fetur iri ɗaya ne a famfo, ba a raba shi aji-aji, babu kuma wanda zai ba ka tabbacin ya kai 95. Wanda yake tafiye-tafiye cikin ƙauyuka ma wani lokaci dole ya sayi na galan a bakin hanya. Ga kuma tsadarsa tun daga cire tallafi a Najeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Na huɗu shi ne zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yana wuce digiri 40, iskar da inji zai shaƙa ta riga ta yi zafi tun kafin a matse ta, ƙurar hunturu kuma tana toshe ramukan lagireto da matatar iska. Na biyar shi ne ƙarfin abin da ke bayan injin, wato kuloci, giyabos, aksul da birki. Na ƙarshe shi ne wanda zai gyara motar idan ta tsaya nesa da garejin da ya haɗa ta.

Zaɓi na farko: a bar injin 2.7, a ɗora masa sufacaja

Injin da ke cikin motar, 2TR-FE, silinda huɗu ne, cc 2,694, yana ba da doki kusan 158 da Nm 241. Bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, cen ke tafiyar da taimin ɗinsa, kuma an san shi da juriya. Wasu ƙananan kamfanoni a ƙasashen waje suna sayar da sufacaja da aka yi dominsa. Kyawun wannan hanya shi ne ba a taɓa mazaunin inji, ba a canza giyabos, lambar inji kuma tana nan yadda take a takardu. Matsalarta ita ce ana kashe dubban daloli a kan kayan da ba a samunsu a kasuwa, abin da za a samu kuma da ƙyar ya kai ƙarfin V6 mai silinda shida wanda ba a ɗora wa komai ba, alhali an ɗauki duk nauyin neman mai mai kyau da na saita kwamfuta. Idan injin ya riga ya yi tafiya mai nisa, yana shan baƙin mai ko yana hayaƙi, ƙarin matsin zai gaggauta mutuwarsa. Ban ga dalilin da zai sa mai motar aiki ya bi wannan hanya ba.

Zaɓi na biyu: injin 1GR-FE, V6 mai lita 4.0, ba tare da sufacaja ba

Wannan inji ne da Toyota da kanta ta saka a cikin wannan ƙirar ta Hilux domin kasuwanni irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu, kuma shi ne a cikin Prado 120, FJ Cruiser, Fortuner, 4Runner da Tacoma. Girmansa cc 3,956, bulok ɗinsa na alminiyam, shi ma cen gare shi, kuma a Hilux yana ba da doki kusan 235 da Nm 376. Wato ƙarfin juyi ya ƙaru da fiye da rabi a kan na 2.7, kuma wannan bambanci ne da direba zai ji tun daga tashin farko da kaya.

Babbar fa'idarsa ita ce an riga an yi masa wuri a motar. Kowane abu da ake buƙata, daga robar mazaunin inji zuwa lagireto, tiyo, bututun hayaƙi da farfela, akwai na asali da kamfani ya ƙera, ba sai an yi ƙirƙira ba. Wannan ba ya nufin a kwance wancan a ɗaura wannan da yamma ɗaya. Giyabos ɗin 2.7 ba ya haɗuwa da V6 kai tsaye, kuma ko da an haɗa shi ba a yi shi domin wannan ƙarfin ba, saboda haka ya kamata injin ya zo da nasa giyabos, wanda a masu canza giya da kansu shi ne A750 mai giya biyar. Mazaunin inji a kan shasi ma yakan buƙaci gyara da walda.

Inda aikin yake nasara ko ya lalace shi ne wajen saye. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ya sayi inji tsirara saboda ya fi araha, zai dawo kasuwa sau da dama yana neman soket ɗaya ko sensa ɗaya. Abin da ya dace shi ne a sayi rabin mota, wato gaban motar da aka yanka da komai nasa: inji, giyabos, wayoyin inji da na dashbod, burenbos, mita, fedar totur ta lantarki, makulli da na'urar da ke karanta makullin. Waɗannan na ƙarshe suna da muhimmanci ƙwarai, domin burenbos da makulli an haɗa su da lamba tun daga kamfani, idan ba su san juna ba inji zai yi ta juyawa ba zai tashi ba. A kuma lura da ɓangaren da sitiyarin motar da aka yanka yake. Motocin Japan, Tailan, Ostareliya da Afirka ta Kudu sitiyarinsu a dama yake, wayoyinsu an auna tsawonsu ne daidai da haka, kuma ɗan riwaya zai sha wahalar ƙara su ɗaya bayan ɗaya. Rabin mota daga Dubai ko Amurka, mai sitiyari a hagu, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kafin a biya kuɗi, a buɗe murfin baƙin mai a haska ciki da tocila. Idan an ga dasƙararren mai baƙi ƙirin ya manne a ƙarfe, an yi sakaci da juye, idan kuma an ga abu mai kama da madara a jikin murfin, ruwa yana shiga mai. A kwance filogi duka shida a jera su, domin wanda ya fi sauran fari tas yana iya nuna silindar da ruwa ke zubowa. Wannan binciken ya fi zama dole ga injinan shekarun farko, waɗanda aka san gaskit ɗinsu yana gazawa idan sun tsufa ko sun taɓa ɗaukar zafi. In mai sayarwa ya yarda, a auna matsin kowace silinda, a kuma rubuta sharaɗin mayarwa a kan rasit.

Ta fuskar ƙarko, wannan shi ne zaɓin da ya fi kowanne kwanciyar hankali. Yana shan fetur ɗin da ake samu a ko'ina, makanikin da ya saba da Prado ya san shi, na'urar binciken kwamfuta ta yau da kullum tana karanta shi. Zai fi 2.7 shan mai a cikin gari, amma a doguwar hanya da kaya ratar takan ragu, tunda ba a matsa masa kamar yadda ake matsa wa ƙaramin.

Zaɓi na uku: 1GR-FE tare da sufacaja

Wannan ma Toyota ta taɓa yin sa. A 2008 ta fitar da TRD Hilux a Ostareliya, da wannan injin na V6 da sufacaja ta Eaton M90 da na'urar sanyaya iska mai amfani da ruwa, inda ƙarfin ya kai kilowat 225, wato doki kusan 302, da Nm 453. A Amurka kuma TRD, sashen Toyota mai kula da motocin tsere, ya sayar da irin wannan kayan ga masu Tacoma da FJ Cruiser, kuma bayan Toyota ta daina, kamfanin Magnuson da ke ƙera su ya ci gaba da sayarwa da sunansa. Abin lura a motar Ostareliya shi ne Toyota ba ta tsaya ga inji ba. Ta ƙara girman birkin gaba, ta saka shokazoba na Bilstein, ta fitar da motar da giyabos mai canza kansa kawai, ta kuma sharɗanta fetur mai babban oktan. Wanda zai kwaikwayi motar ya kamata ya kwaikwayi wannan jerin duka.

Ƙarin doki kusan 65 da Nm kusan 75 abu ne da ake ji, musamman a wurare masu tudu. Injin da ke zuƙar iska da kansa yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 ta hawa, saboda iska tana yin sauƙi, don haka a Jos mai tsayin kusan mita 1,200 asarar ta wuce kashi goma, a tsaunin Mambila kuma ta fi haka. Sufacaja tana cike wannan giɓi har ta ƙara. A irin waɗannan wurare masu sanyi ma haɗarin kamawar mai ya fi sauƙi fiye da na Sakkwato.

Amma matsin silindar 1GR-FE 10.0 ne bisa 1, adadin da aka zaɓa domin injin da ba a cusa wa iska. Idan aka haɗa wannan da iska mai zafi da fetur marar tabbas, kwamfuta za ta yi ta janye lokacin wuta domin ta kare injin, ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi, idan kuma abin ya fi ƙarfinta sai fistin ya biya. Ana iya rage haɗarin ta hanyar amfani da fulin da ba ya matsa iska da yawa, da saita kwamfuta daidai da man da ake da shi, da filogi masu jure zafi, da nozul da famfon mai da suka isa. Duk wannan yana buƙatar mai saiti da ya san aikinsa kuma yake da kayan aunawa, irinsu kuwa ba su da yawa. Na'urar sanyaya iskar ma tana da nata ƙaramin famfon ruwa na lantarki da nata ƙaramin lagireto a gaban babban. Idan famfon ya mutu mota ba ta tsayawa, fitila ba lallai ta kama ba, iska dai kawai take ƙara zafi a ɓoye, shi ya sa ma'aunin zafin iskar shiga a gaban direba yake cikin kayan dole.

Akwai wani tarko wajen saye. Injin 1GR-FE iri biyu ne, na farko mai VVT-i guda, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul, da na baya mai Dual VVT-i wanda ya fara fitowa wajen 2009, kuma sufacajar da aka yi wa ɗaya ba ta hawa ɗayan. Sabuwar sufacaja da kuɗin jirgi da na kwastan tana iya kai ko ta wuce kuɗin injin da giyabos ɗinsa. Tsohuwa kuma sai an juya ta da hannu an saurari bodin, an duba ko fikafikanta sun karce, domin ƙurar da ta wuce matata takan cinye su.

Zaɓi na huɗu: V8 na Toyota da Lexus

Injin 1UZ-FE ya fito a 1989 a cikin Lexus LS400, cc 3,969, alminiyam duka, doki 250 da Nm 353, na bayan 1997 mai VVT-i kuma ya kai doki 290 da Nm 407. Ƙanensa 3UZ-FE mai lita 4.3 shi ne a LS430, sai 2UZ-FE mai lita 4.7 da bulok na baƙin ƙarfe, wanda ke cikin Land Cruiser 100, LX470, Tundra da Sequoia. A Afirka ta Kudu da Ostareliya saka waɗannan injina a Hilux sana'a ce da ta kafu, har da masu ƙera farantin haɗa giyabos da kwamfutoci na musamman. Injina ne masu laushin tafiya da daɗin sauti, ƙasansu kuma yana da ƙarfi sosai, shi ya sa masu ɗora sufacaja suke son 1UZ na farkon shekaru, wanda sandunan fistin ɗinsa suka fi kauri.

Idan aka ajiye sauti aka dubi adadi, 1UZ na farko bai kai 1GR-FE ƙarfin juyi ba, kuma an yi shi ne domin motar alfarma mai gudu a kan kwalta. Wanda yake son V8 domin jan kaya, 2UZ ne nasa, mai Nm sama da 420 a ƙananan juyi, sai dai yana da nauyi, zai danne gaban motar, dole a canza sifirin da shokazoba.

Wahalar haɗawa ta fi ta V6 ninki. Babu mazauni na asali, sai an ƙera. Kaskon baƙin mai na 1UZ yana zuwa iri uku gwargwadon motar da aka ciro shi, mai tulu a gaba, a tsakiya ko a baya, kuma a Hilux mai jan ƙafa huɗu wanda bai dace ba zai ci karo da aksul ɗin gaba ko sitiyari. Bututun hayaƙi na ɓangaren direba yana matsuwa da sandar sitiyari, kayan da aka ƙera a Afirka ta Kudu kuma an auna su ne da mota mai sitiyari a dama. Tsakanin inji da lagireto wuri yana ƙaranci har sai an koma fankar lantarki, wadda dole ta zama mai ƙarfi idan motar za ta tsaya a cunkoson Kano da rana iyakwandishan a kunne. Mita, fitilun gargaɗi da birkin ABS ba sa jin yaren sabuwar kwamfutar sai an yi musu dabara. Ga tsufa: 1UZ mafi ƙuruciya ya haura shekara ashirin, duk robobinsa da wayoyinsa sun bushe. Dangin UZ bel ne ke tafiyar da taimin ɗinsu, a masu VVT-i kuma idan bel ya tsinke bawul yana haɗuwa da fistin, don haka a canza bel da famfon ruwa tun injin yana ƙasa.

Ɗora sufacaja a kan wannan yana nufin a haɗa matsalolin zaɓi na uku da na huɗu wuri ɗaya, a ƙara da na bonet da ba zai rufu ba sai an yanka shi ko an ɗaga bodi.

Zaɓi na biyar: manyan injinan Amurka masu lita 6.2

Waɗannan su ne na bidiyo. Injin LSA na General Motors, wanda ya fito a Cadillac CTS-V, yana ba da doki 556 da Nm kusan 747. Na Hellcat, wanda Mopar, sashen kayan gyara na kamfanin da ke ƙera Dodge da Ram, ta fara sayarwa a akwati da sunan Hellcrate a 2017 a kan dala 19,530 ban da kayan wayoyi da kwamfuta, yana ba da doki 707 da Nm 881. An gina su tun asali domin sufacaja, an rage matsin silindarsu zuwa 9.1 da 9.5 bisa 1, an kuma saka musu bututun fesa mai a ƙarƙashin fistin domin sanyaya shi. A matsayinsu na injina babu abin zargi a kansu.

Motar ce ba ta iya ɗauka. Ƙarfin juyin Hellcat ya ninka na 2.7 fiye da sau uku da rabi, kuma babu giyabos, farfela ko aksul na Hilux da aka yi domin haka. Lokacin da kamfanin Ram ya saka wannan injin a a-kori-kurarsa ta TRX a 2021, da doki 702, sai da ya ƙarfafa shasi, ya saka aksul na Dana 60 a baya, ya faɗaɗa motar, ya ɗora ta a kan tayoyi masu inci 35. Hilux kuwa bayanta ba shi da nauyi idan babu kaya, sifirin ɗinta na faranti ne, birkin bayanta na ganga ne. Doki ɗari bakwai a kan irin wannan baya, a kan kwalta mai yashi ko ruwan sama, barazana ce ga direba da duk wanda ke kan hanya tare da shi. Wanda zai yi aikin yadda ya kamata zai canza kusan komai in ban da bodi, kuɗin zai wuce na motar sau da yawa, kowane sensa da ya mutu kuma sai an jira shi daga ƙetare.

| Zaɓi | Doki | Nm | Kuɗi | Wahalar haɗawa | Buƙatar mai | Ƙarko a aikin yau da kullum |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 2TR-FE yadda yake | 158 | 241 | babu | babu | na ko'ina | mai kyau ƙwarai |
| 2TR-FE da sufacaja | ƙasa da V6 ko kusa | ƙasa da V6 | matsakaici | kaɗan | babban oktan | ya danganta da saiti |
| 1GR-FE | 235 | 376 | matsakaici | matsakaiciya | na ko'ina | mai kyau ƙwarai |
| 1GR-FE da sufacaja | 302 | 453 | kusan ninkin na sama | matsakaiciya zuwa babba | babban oktan | mai kyau idan mai da sanyaya sun inganta |
| 1UZ-FE | 250 zuwa 290 | 353 zuwa 407 | inji da sauƙi, aiki da tsada | babba | ya fi son mai kyau | ya danganta da mai haɗawa |
| LSA ko Hellcat | 556 ko 707 | 747 ko 881 | ya wuce kuɗin motar | sake gina mota | babban oktan dole | bai dace da motar aiki ba |

Abubuwan da ba sa cikin tebur

Kowane zaɓi daga na biyu zuwa sama yana buƙatar a fara da birki: faifai da takalmin birki masu kyau, sabon man birki, tayoyi masu lafiya. Lagireto ya zama sabo kuma daidai da injin, a zuba masa ruwan sanyaya inji na gaskiya, a bar tamostat a wurinsa. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye tana rikita kwamfutar waɗannan injina, ta sa su shan mai fiye da kima. Giyabos mai canza kansa da zai ja kaya a zafi yana son ƙaramin lagireto nasa.

Sai takardu. Lambar inji tana rubuce a takardun mota, don haka bayan sauyi dole a je ofishin lasisi a gyara bayanan, a ajiye rasit ɗin sayen injin mai ɗauke da lambarsa, a kuma sanar da kamfanin inshora. Injin da aka goge lambarsa ko mai sayarwa ya ƙi rubuta ta a rasit, a bar masa abinsa komai arahar sa. A kuma sani cewa motar da aka sauya wa inji takan faɗi a kasuwa, domin mai saye yana tsoron wayoyin da bai san wanda ya haɗa su ba. Faɗuwar ta fi sauƙi ga V6, tunda kowa ya san akwai Hilux mai irinsa.

Wannan ya kawo lissafin da ya kamata a yi kafin a kwance ƙusa ko ɗaya: a haɗa kuɗin da motar za ta yi idan an sayar da ita yau da kuɗin aikin gaba ɗaya, a gwada da farashin Hilux da ta fito daga kamfani da V6, ko mai dizal 3.0 wadda injinta 1KD-FTV ke ba da Nm 343 tun daga ƙananan juyi. Idan ratar ba ta da yawa, sayarwa da sake saye ya fi.

Wa ya dace da wanne

Manomi, ɗan kwangila ko ɗan kasuwa da motarsa ke ɗaukar kaya kullum tana shiga inda babu babban gareji, 1GR-FE ba tare da sufacaja ba shi ne nasa, daga rabin mota mai sitiyari a hagu, da giyabos ɗinsa da makullinsa. Wanda yake zaune a Jos ko yake yawan hawa tsauni, yana da inda yake samun man da ya amince da shi da mai saiti na ƙwarai, zai iya ƙara sufacaja, amma shawarata ita ce ya fara saka V6 ɗin ya yi wata shida yana aiki da shi, domin da yawa za su tarar ƙarfin ya ishe su, wanda bai ishe shi ba kuma zai ɗora ta a kan injin da ya riga ya san lafiyarsa. Mai sha'awar V8 wanda yake da wata motar ta zirga-zirga, kuma yake da makaniki da ɗan riwaya da suka taɓa yin irin aikin ya ga motar tana tafiya da idonsa, zai ji daɗin 1UZ ko 3UZ, idan kuma jan tirela ne burinsa ya nemi 2UZ. Injinan Amurka masu lita 6.2 na mai gina motar nuni ne ko ta tsere a filin da aka keɓe, wanda ya shirya canza aksul, birki da giyabos tun kafin injin ya iso. Wanda kuma motarsa ke yawo cikin gari ba kaya, sai lokaci-lokaci take jin nauyi, ya gyara 2.7 ɗinsa: a wanke nozul, a canza filogi da matatar iska, a duba ko salansa ta toshe, a kuma mayar da tayoyi girmansu na asali idan an saka manya, domin manyan tayoyi kaɗai suna cinye ƙarfin da ake zargin injin da rasawa.